Daga Tiga Zuwa Tafkin Nguru: Hayar Gonakin da Ruwa Ya Zaune

Ruwan da ya zaune gonakin bakin tafkin Nguru daga kudancin Kano yake tasowa, don haka mai son sanin abin da ya sami manoman can, gara ya ɗauko tafiyarsa daga Tiga. A nan aka tare Kogin Kano da doguwar ganuwar ƙasa, aka kammala aikin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. In mutum ya tsaya a kan ganuwar, ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, ga duwatsu can nesa, ga masunta jefi-jefi a kwale-kwale. An tsara dam ɗin ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka ƙara na biyu a kan Kogin Calawa, a ƙasar Ƙaraye. Kogunan nan biyu ne ke haɗuwa kudu da birnin Kano su zama Kogin Haɗeja, kuma masana ruwa sun daɗe da ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke bin wannan kogi ta ƙofofin madatsun biyu yake fita. A riƙe wannan adadi da kyau. Kogin da ake buɗe wa ƙofa a rufe yana da mai makulli, kuma duk inda ruwansa ya je ya kwana, da hannun mutum a ciki.

Daga Tiga in aka gangaro aka hau titin Zariya zuwa Kano, ba a jimawa za a ga amfanin dam ɗin, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. A tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure kore shar suke. Kanal cike da ruwa, kwandunan tumatir jere a bakin titi suna jiran motocin kudu, injinan casar shinkafa a Kura ba sa hutawa. Famfunan birnin Kano ma, ta matatar Tamburawa da ta Calawa, wannan ruwan suke sha. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai dai kafin wannan kore ya samu dole ƙofar dam ta zauna a buɗe duk tsawon rani, kuma ba duk abin da aka saki ake shanyewa a Kano ba. Ragowar yana bin kwarinsa ya wuce Wudil, ya wuce Ringim, ya doshi gabas. Kafin 1974 kogin nan na damina ne: ya cika ya batse a Agusta da Satumba, ya janye, rani ya mai da shi rairayi da 'yan kududdufai. Bayan dam sai ya zama kogin da ba ya ƙafewa, ba ya kuma yin irin cikar da ya saba.

Daga Ringim zuwa Auyo da Haɗeja ƙasa takan kwanta ta zama shimfiɗa guda, kogin ya rage gudu, ya shiga karkace-karkace tsakanin jigayi. Nan ne bakin babbar fadamar Haɗeja da Nguru, wadda Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani ke ci a cikinta tun kaka da kakanni. Yadda aka saba da ita, fili ɗaya yakan ciyar da gida uku a shekara. Da ruwan farko a shuka shinkafa, ambaliya ta zo ta tarar ta yi ƙarfi, ta raine ta. Masunta su bi kifin da ya shigo fadama hayayyafa. Ruwa na janyewa a bi laimar da wake, ko a tayar da lambun tattasai da albasa da alkama, daga baya Fulani su sauko da shanu su ci kara da ɗanyar ciyawa, su bar taki. A farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, sun lissafa abin da fadamar ke samarwa na noma da kifi da itace, suka gwada shi da na noman ranin Kano, suka sami cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, abin da fadama ke bayarwa ya ninka na kanal sau da yawa. Amma duk wannan arziki a kan sharaɗi ɗaya yake: ruwa ya zo a kan lokaci, ya kuma tafi a kan lokaci. Tafiyar ce ta ɓace.

Wanda ya bi titin Haɗeja zuwa Kiri Kasamma zai ga abin da ya biyo baya, wato ciyawar kacala. Bango ce guda kore, ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, dogayen ganye a cushe, kanta ɗauke da zangarniya ruwan ƙasa wadda in ta bushe takan fashe, iska ta kwashi irin ta watsa. Ƙarfinta a ƙarƙashi yake, saiwoyi masu kauri da suka sarƙe juna cikin laka. Ko an sare ta ko an ƙone ta, daga nan take sake tohowa. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi, wanda ba ya gudu kuma ba ya ƙafewa. A da rani ne maganinta, babbar ambaliya kuma ta share yashi da lakar da suka taru a hanyoyin ruwa. Dam ya ɗauke duka biyun. Ƙasa da Haɗeja kogin ya rabu uku: tsohon Kogin Haɗeja, da Burum Gana, da mashigar Marma mai zuba a tafkin Nguru. Laka da kacala suka toshe biyun farko, mafi yawan ruwan ya karkata Marma, ita ma kacalar ta cike cikinta, ruwa ya rasa hanya ya fantsama cikin gonaki. Gonar da a da yake yi wa wata uku ya tafi, yanzu shekara yake yi a kanta, ya zarce wata shekarar. A wasu wuraren yaran da aka haifa bayan zuwansa har sun yi aure.

A garuruwan bakin Marma irin su Likori, da ƙauyukan Guri, da na bakin tafki irin su Dabar Magini, sau da yawa a kwale-kwale ake zuwa inda gona take, ta wata siririyar hanya da aka sare a tsakiyar kacala, wadda jirgi biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya raɓe. Mai gona da sandar tuƙi yake nuna gonarsa: daga waccan goruba zuwa wancan itace da ruwa ya kashe yana tsaye. Ya san iyakarsa sarai, ya san buhu nawa take bayarwa a zamanin mahaifinsa, amma ba shi da inda zai saka ko ƙwaya. Maza kan fito gayya da lauje da adda, su shiga ruwa iya ƙirji, suna yanke kacalar can ƙasa da fuskar ruwa don gindin ya nutse ya ruɓe, ga matsattsaku ga macizai. Bayan 'yan watanni hanya ta sake rufewa. 'Yar gonar da ta tsira a kan tudu kuma tsuntsayen jan-baki ke jiranta, don kacala ta zame musu gida, da asuba su taso garke guda su sauka a kan gero ko shinkafa. Ga sauro, ga tsargiya a jikin yara, ga ciwon hanta a jikin shanu.

In babbar ambaliya ta auku, irin ta 2012 ko ta 2022, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi kan kawo buhunan hatsi da tabarmi da gidan sauro da kwanon rufi. Agaji abu ne mai kyau, amma an tsara shi ne don masifar da ke zuwa ta wuce, a tallafi mutum ya miƙe ya koma gona. Wanda gonarsa ke ƙarƙashin ruwa tun kafin ambaliyar ba ya cikin lissafi, don ba a bana ya yi hasara ba. Inshorar noma ta gwamnati, wadda aka faro a 1987, amfanin da aka shuka take lamuncewa, shi kuwa bai shuka ba. Doka ma ta tsallake shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna amana, ta ce in an karɓe wa mutum fili saboda aikin jama'a a biya shi gini da shuka, manomin karkara kuma ƙaramar hukuma ta ba shi wani filin. Sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana karɓe dukiyar mutum ba tare da biyan diyya cikin hanzari ba. Amma duka biyun takarda suke jira, wadda za ta ce an karɓa, shi kuwa manomin Marma ba wanda ya aiko masa da takarda. A rubuce gonar tana hannunsa, a zahiri ta zama ma'ajiyar ragowar ruwan Kano. Abin da nake gani shi ne adalci: duk gonar da ruwan kogin nan ya hana nomawa daga damina zuwa damina, a biya mai ita haya, hekta-hekta, kowace shekara, har ranar da ruwan ya sauka, gonar kuma ta ci gaba da zama tasa da ta magadansa.

Wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. In shanu suka faɗa gonar mutum, ba a ce masa ya yi haƙuri tunda nono da nama na amfanar gari. Mai unguwa ko bulama ya tura dattawa su duba ɓarna, a ƙiyasta, mai shanu ya biya, ko da bai yi niyya ba, ko da barci ne ya ɗauke yaron da ke kiwo. Malaman fiƙihunmu ma a kan haka suke: wanda ya jawo hasarar dukiyar wani, lamuninta na wuyansa, da ganganci ne ko da kuskure. Abin da talaka ke biyan talaka a gaban mai unguwa, ban ga dalilin da zai sa a yafe wa hukuma shi ba don kawai ɓarnar tata ta fi girma.

Za a ce ai ruwa na Allah ne, kuma damina ta ƙaru. Gaskiya ne bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya farfaɗo a yankin Sahel, kuma ambaliya irin ta 2022 ko babu dam da ta yi ɓarna. Akwai ma shekarun da dam ɗin ne ya tare ruwan da zai ci garuruwa. Ba irin wannan ambaliya nake nufi ba. Ruwan da ke kwance a gona a Maris da Afrilu, wata 5 ko 6 bayan ɗaukewar damina, cikin zafin da ke ƙafar da rijiya, ba hadari ne ya sauke shi a wurin ba. Kogin Jama'are na nan kusa, shi ne shaida. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, shekarun fari da na ruwa tare suke ganinsu da na Haɗeja, amma da yake dam ɗin Kafin Zaki da aka so yi masa a Bauci bai kammalu ba, har yau yana cika da damina ya janye da rani, kuma kacala ba ta yi wa hanyoyinsa irin kamun da ta yi wa Marma ba. Imani da ƙaddara kuwa bai taɓa ɗauke wa mai ɓarna biya ba. Mai gona ya karɓi ƙaddara ya yi haƙuri, wanda ya jawo ya sauke nauyin da ke kansa.

Nguru gari ne da ya san ciniki da nesa. Nan layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930, yana kwasar gyaɗa da fatu da shanu. A kasuwarta kifi na nan, ɗanye da banda, tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, kuma baƙon da ya ga wannan zai iya cewa ruwan bai zo hannu rabbana ba, manomi ya ajiye fartanya ya ɗauki taru. Maganar ta fi daɗi daga nesa. Taru da birgi ba sa shiga kacala, kuma masuntan asali su ne kan gaba wajen kukan ta cinye musu wuraren su. Kamun kifi kuma sana'a ce mai gado da kayan aiki da sarakunanta. Dattijon da ya tsufa a noma ba ya zama masunci dare ɗaya, matar da gonar gado ce abincin marayunta ba ta shiga jirgi da taru. In wani ya kama kifi a saman gonar mutum, ba mai gonar ne ya ci ba.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta masu cewa kuɗin da za a raba wa mutane gara a zuba shi a yasar hanyoyin ruwa, a magance abin daga tushe. Ba manomin da zai fifita haya a kan gonarsa, kuma an yi ƙoƙari. A 2006 jihohi 6 da ke cin wannan kwari, Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, suka haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu aka kafa asusun kula da kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. An sare kacala a wurare, an buɗe wasu mashigai, Jigawa ta sayo injinan yasa masu tafiya a kan ruwa. Amma a duba inda babban kuɗi ke zuwa. Bashin Bankin Duniya na gyaran noman rani da aka amince da shi a 2014, na kusan dala miliyan 500, kaso mafi tsoka nasa a kanal da madatsai ya tafi, irin su Bakolori da Kano da Auyo, inda Shugaba Buhari ya buɗe aikin kwarin Haɗeja a farkon 2023. Dalilin a fili yake. Hektar da aka ba ruwa a Auyo tana shiga rahoto, a ƙirga ta, a yi bikin buɗewa. Hektar da ruwa ya cinye a Guri ba ta cikin littafin kowa. Muddin ajiye ruwa a gonar talaka kyauta ne, yasar kogi za ta ci gaba da zama aikin da ake yi in an sami rara. Ranar da kowace hekta da ke ƙarƙashin ruwa ta zama bashin da ke fita daga kasafin masu riƙe da ƙofar dam, ranar ce mai tsara sakin ruwa zai fara tambaya ko ana bukatar duk abin da ake saki a Fabrairu. Ranar ce kuma za a ɗauko shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa, ta a riƙa sakin babban ruwa da damina ya share hanya, a tsuke ƙofa wani lokaci na rani har kacala ta sha rana. Hayar ce za ta sa a yi yasar da gaske, domin duk hektar da aka ƙwato an rage bashi.

Akwai inda aka gwada irin wannan biya. A jihar Dakota ta Arewa a Amurka akwai tafkin Devils, wanda ba shi da mafita sai ya cika maƙil. Daga 1993 zuwa 2011 ya tashi sama da mita 9, ya haɗiye ƙasa fiye da hekta 60,000, yawancinta gonaki da makiyaya. An kashe sama da dala biliyan 1 a ɗaga tituna da gina ganuwa da yi wa ruwan mafita, manoma kuwa suna riƙe da takardun gonakin da ba sa gani. Wasu suka kai ƙara cewa magudanan da hukumomi suka haƙa ne suka ƙara wa tafkin ruwa, kotun ƙolin jihar a 2008 ta ce ba su tabbatar da haka ba. Duk da haka a 2012 ma'aikatar noma ta ƙasar ta farfaɗo da wani tsohon shiri, tana ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da mai gonar da ruwa ya zaune, tana biyansa kowace shekara a kan kowace eka, gonar na nan da sunansa. Kuɗin bai kai abin da noma zai ba shi ba, bai kuma isa kowa ba. Amma in har inda kotu ta wanke hukuma an ga ya dace a biya, ina ga inda ruwan ke fitowa ta ƙofar da ma'aikaci ke murɗawa? Bayan 2011 tafkin ya ɗan ja baya, wasu gonakin suka fito, masu su suka koma noma.

Wannan komawa ce ta sa na fi son haya a kan diyyar sallama, wadda za a biya sau ɗaya a ce an rabu. Ruwan Marma mai tafiya ne in an buɗe masa hanya, kuma wanda aka sallama yau, gobe yana kallo wani mai hali zai nome gonar ubansa. Dunƙulallen kuɗi a hannun mai yunwa ba ya shekara, abin da ya saura faɗuwar naira ta cinye. Shi ya sa ya kamata a ɗaure hayar da farashin buhun shanshera na kakar shekarar. Mun kuma ga inda riƙon sakainar kashi a kan diyya ke kaiwa. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aikin dam ya raba da gonakinsu sun yi ta jiran biya har suka tare hanyoyin aikin, a Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama. A ɗaya gefen, a 2010 an yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, irin su Kainji da Jebba da Shiroro, mai samun kaso daga kuɗin wutar. Wato ƙasar nan ta riga ta yarda cewa mai kwana da ɓarnar dam yana da haƙƙi a cikin ribarsa. Ba a dai kai wannan yarda ga mutanen ƙasan Tiga da Calawa ba.

Saura tsoron da kowa ke da shi, wanda ba na raina shi: da zarar an ce za a biya, sunayen bogi za su cika takarda, 'yan siyasa su cusa yaransu, mai gonar gaske ya tashi a tutar babu. Gonakin ba su da takardar mallaka, iyakokinsu na ƙarƙashin ruwa. To amma ruwa ba ya ɓuya. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, hotunan kuma kyauta ne tun 2008. Ana iya zama a gani, shekara bayan shekara, wane fili ne ke bushewa da rani a da, wane ne ya daina, a wace shekara. Wannan zai yanke yawan hektocin kowane gari, ba mai iya ƙara ko ɗaya. Rabon cikin gari kuma a yi shi a bainar jama'a: a karanta sunaye a ƙofar dagaci ko lawani bayan sallar Juma'a, maƙwabcin gabas da na yamma su shaida, a liƙa takardar wata guda don mai ƙorafi, kuɗin ya tafi kai tsaye asusun mai shi. Inda aka san jimillar fili, duk wanda ya cusa sunan bogi daga rabon maƙwabcinsa ya ɗiba, maƙwabcin kuwa ba zai yi shiru ba. Waɗanda na fi jin tsoro a kansu su ne marasa murya a irin wannan zama: matan da suka gaji kaso a gonar uba amma sunan yayansu ne a kai, da mai noma gonar aro ko ta jingina, da Bafulatanin da makiyayarsa ta rani ta nutse. In ba a rubuta su tun farko ba, za a gyara zalunci ɗaya a dasa wani.

Kuɗin kuwa daga inda ruwan ya yi amfani ya kamata ya fito. Ba ina cewa a matse mai kadada ɗaya a Kura ba; shi ma talaka ne, ba shi ya tsara dam ba. Ƙaramin ƙari a kan kuɗin ruwa, nauyinsa a kan manyan gonaki da masana'antu, Asusun Kula da Muhalli da ake cire wa kaso daga asusun tarayya tun 1981 ya cike saura. Tun shekarar 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma, fili mai hekta 58,100, cikin wuraren dausayi na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. In ana son ruwan ya zauna a wasu wurare saboda tsuntsaye, to a gonar wani yake zaune, masu ba da kuɗin kare muhalli su sa hannu a biya shi.

Daga Nguru titi ya yi gabas zuwa Gashuwa, kuma a nan ake ganin ɗaya fuskar lamarin. Ruwan da ya maƙale a Marma da tafki, rana na shanye shi a can, shi ne ya kamata ya bi tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana ya haɗu da na Jama'are ya zama Kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya bi iyakar Nijar ta wajen Difa har Tafkin Cadi. Yanzu abin da Kogin Haɗeja ke kai wa Gashuwa kaɗan ne ƙwarai, kusan duk ruwan da ke wuce garin na Jama'are ne. Ƙauyukan bakin mashigan da suka toshe, fadamunsu sun bushe. Hasararsu ta fi wuyar aunawa, amma hotunan da za su nuna gonar da ta nutse su ne za su nuna fadamar da ta daina jiƙa, kuma da zarar an buɗe littafi ga na farko, na biyu na da hurumin shiga. A fara da abin da ya fi sauƙin tabbatarwa, gundumomin bakin Marma a Kiri Kasamma da Guri da Nguru. Jigawa da Yobe ba sa bukatar jiran Abuja kafin su aika masu awon fili da masu rubutu su zauna da dagatai. Aikin na gaggawa ne, domin dattawan da suka nomi waɗannan gonaki a bushe, masu iya cewa daga nan zuwa can na wane ne, suna raguwa kowace shekara, kuma shaidarsu ce hukuma da kotu za su nema ranar da aka tashi biya.